Shin Ko Kun San? Yadda Koriya ta Kudu Ta Yi da Korona a Kwanakin Farko

Shin ko kun san rana ɗaya Koriya ta Kudu da Amurka suka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a ƙasashensu? Ranar 20 ga Janairun 2020 ke nan. A Koriya wata 'yar ƙasar Sin ce mai shekara 35, ta taso daga birnin Wuhan, aka ga zazzaɓi a jikinta a filin jirgin saman Incheon tun ba ta shiga gari ba. Zuwa tsakiyar Maris, Koriya mai mutum miliyan 51 da ɗoriya ta gwada fiye da mutum 290,000, ita kuwa Amurka mai kusan miliyan 330 tana wajen gwaji 60,000. Ranar 30 ga Afrilu waɗanda cutar ta kashe a Koriya su 247 ne. A Amurka an haura 60,000.

Ko kun san shekara biyar kafin nan wannan ƙasa ta sha kunya a idon duniya a kan wata cuta 'yar'uwar korona? Sunanta MERS. A Saudiyya aka fara gano ta a 2012, ana kuma danganta ta da raƙuma, alhazan waɗancan shekarun za su tuna gargaɗin da aka riƙa yi musu. A watan Mayun 2015 wani dattijo mai shekara 68 ya komo Koriya daga ƙasashen Larabawa, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da tari suka kama shi. Sai da ya bi wuraren jinya huɗu kafin a gane abin da ke damunsa, ranar 20 ga wata. Kafin ƙura ta lafa mutum 186 sun kamu, 38 sun rasu, an killace fiye da 16,000, makarantu sama da 2,000 sun rufe. Babu inda cutar ta yi ɓarna haka a wajen Gabas ta Tsakiya.

Abin da ya fi ƙona wa jama'a rai kuwa shi ne ɓoye-ɓoye. Gwamnatin Shugaba Park Geun-hye ta ƙi faɗin sunayen asibitocin da cutar ta shiga, wai kada hankalin mutane ya tashi. Alhali kusan duk wanda ya kamu, a asibiti ya kwaso ta. Mutum zai ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta ɗakin agajin gaggawa, bai san nan cutar ta yi sansani ba. Majinyaci guda ya shafa wa mutum fiye da 80 a babban asibitin Samsung da ke Seoul. Sai ranar 7 ga Yuni, bayan kwana 18, aka fito da sunayen asibitoci 24. Lee Jae-yong, magajin kamfanin Samsung, ya tsaya gaban 'yan jarida ya sunkuya ya nemi gafara. Ministan lafiya ya rasa kujerarsa a watan Agusta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, kuma a ganina kusan duk abin da Koriya ta yi daidai a 2020 daga wannan saran ya samo asali.

Shin ko kun san bayan MERS majalisar ƙasar ta gyara dokar cututtuka masu yaɗuwa? Sabuwar dokar ta ba jami'an lafiya ikon neman bayanan katin bankin majinyaci, da wuraren da wayarsa ta bi, da hotunan kyamarorin tsaro, ba tare da an je kotu neman izini ba. Ta kuma ɗora wa gwamnati nauyin gaya wa jama'a inda masu cutar suka bi da asibitin da suka je. Aka buɗe wata hanyar gaggawa ta amincewa da sababbin kayan gwaji, don kada takardu su shekara a kan tebur ana mutuwa.

Kun san kuwa matar da ta jagoranci yaƙin 2020 tana cikin jami'an da aka hukunta saboda MERS? Dakta Jung Eun-kyeong ke nan, likita ce, an rage mata albashi a wancan karon. Ba ta bar aiki ba. A 2017 Shugaba Moon Jae-in ya naɗa ta shugabar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, KCDC, mace ta farko a wannan kujera. Da korona ta zo, kusan kullum da rana sai ta fito a talabijin sanye da rigar nan ruwan ɗorawa ta ma'aikatan agajin gaggawa, ta karanto alƙaluma da murya ƙasa-ƙasa: mutum nawa suka kamu, a ina, nawa aka sallama, nawa suka rasu. Ta rage gashinta don kada wanke kai ya ci mata lokaci, kuma jama'a suna kallo furfura ta riƙa cin kanta mako bayan mako. Da aka tambaye ta ko gaskiya ne ko awa ɗaya ba ta samu ta yi barci, ta amsa cewa tana yin fiye da awa ɗayar, ta koma kan alƙaluma. Ƙasar da ta ɓoye sunan asibiti kwana 18 ita ce a 2020 take ba da rahoto sau biyu a rana.

Shin ko kun san ranar 17 ga Disamban 2019, mako biyu kafin Wuhan ta sanar da duniya komai, ƙwararrun Koriya sun zauna sun yi atisaye a kan wata ƙirƙirarriyar annoba? Labarin da suka ɗora atisayen a kai shi ne wani iyali ya je ƙasar Sin ya dawo da ciwon huhun da ba a san kansa ba. Suka tattauna yadda za a gano cutar da yadda za a bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da iyalin. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka abin ya zo a zahiri.

Ga wanda na fi so a riƙe. Ko kun san ranar 27 ga Janairu, mutum huɗu kacal aka sani suna da cutar a duk faɗin ƙasar, amma jami'an lafiya suka kira wakilan kamfanonin haɗa kayan gwaji fiye da 20? Ranar ƙarshe ce ta hutun sabuwar shekararsu, lokacin da kowa ya tafi garinsu gaishe da iyaye. Saboda haka aka sa taron a wani ɗaki a tashar jirgin ƙasa ta Seoul, kowa ya sauko daga jirgi ya shiga. Saƙon gajere ne: a yi mana kayan gwaji yanzu, mu kuma za mu duba mu amince ba ɓata lokaci. Hukumar ta ba su abin da ta sani game da hanyar gwajin. Ranar 4 ga Fabrairu kamfanin Kogene Biotech ya samu amincewa, ranar 12 ga wata Seegene ya biyo baya. Tsohon gwajin yana cin yini guda cur, sabon awa shida. Kasada ce, domin da cutar ta tsaya a kan mutum huɗun nan, da an ce an yi ɓarnar kuɗi da azarɓaɓi. Amma da bala'in ya sauka a ƙarshen Fabrairu, kayan suna ƙasa, ɗakunan gwaji sun riga sun saba da su.

Shin ko kun san an jefi minista da ƙwai saboda 'yan ƙasar da aka kwaso daga Wuhan? Gwamnati ta aika jirage a ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu suka ɗebo mutum kimanin 700, aka shirya killace su a cibiyoyin horar da ma'aikata a garuruwan Asan da Jincheon. Mutanen garin suka tare hanya da taraktoci. Ministan cikin gida ya je rarrashi a Asan, aka yi masa ruwan ƙwai. Amma a ranar da motocin za su iso, masu zanga-zangar suka janye, wasu mazauna garin kuma suka riƙa ɗora hotunansu a intanet riƙe da takardun maraba. Bayan mako biyu aka sallami baƙin, mutanen gari suka fito rakiya.

Ko kun san Koriya ba ta rufe ƙofarta ga duk ƙasar Sin ba? Daga 4 ga Fabrairu baƙin da suka bi ta lardin Hubei kaɗai aka hana shiga. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi ta kira a rufe gaba ɗaya, mutum fiye da 700,000 suka sa hannu a takardar koke, gwamnati ta ƙi. Har gobe 'yan ƙasar ba su daina gardama a kan wannan ba.

Inda babu gardama shi ne kuskuren shugaban ƙasa. Ranar 13 ga Fabrairu, masu cutar ba su kai 30 ba, Shugaba Moon ya gaya wa manyan 'yan kasuwa cewa abin ya kusa zuwa ƙarshe. Ranar 20 ga wata, ranar da aka sanar da mutuwa ta farko, hotunansa suka bazu yana dariya a wata liyafa da masu fim ɗin Parasite da suka ci kyautar Oscar. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a koken a tsige shi. Bai kamata shugaba ya riga likitocinsa yin albishir ba, kuma wannan maganar ta bi shi har tsawon makonni.

Shin ko kun san kwana biyar bayan wancan albishir komai ya juye? Ranar 18 ga Fabrairu aka tabbatar da majinyaciya ta 31, wata mata mai shekara 61 a Daegu, birni na huɗu a girma, mai mutum kusan miliyan biyu da rabi. Mabiyar cocin Shincheonji ce, ƙungiyar da Lee Man-hee ya kafa a 1984, inda masu ibada ke zama a ƙasa kafaɗa da kafaɗa suna ɗaga murya. Ta halarci ibada sau biyu tana da alamun ciwo. Duniya ta ɗora mata laifi, amma masu binciken hukumar da kansu sun ce mai yiwuwa ita ma a wurin wani ta ɗauka, domin akwai waɗanda ciwonsu ya fara tare da nata. Cikin kwana 11 adadin ya tashi daga 31 zuwa sama da 3,000. Ranar 29 ga Fabrairu kaɗai mutum 909 aka samu. In ka cire ƙasar Sin, babu ƙasar da ta kai Koriya yawan masu cutar a lokacin, kuma ba a jima ba ƙasashe fiye da 100 suka sa wa matafiyanta takunkumin shiga.

Wahalar ita ce mabiya Shincheonji da yawa suna ɓoye addininsu ko ga iyalansu, saboda sauran coci-coci suna ɗaukar ƙungiyar a matsayin ɓatacciya. To yaya za a bi sawun wanda matarsa ma ba ta san inda yake zuwa ranar Lahadi ba? Gwamnati ta matsa har aka ba ta sunayen mabiya fiye da 200,000, aka shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya a waya. Gwamnan lardin Gyeonggi na lokacin, Lee Jae-myung, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2025, ya tura jami'ai hedikwatar ƙungiyar suka karɓo nasu jerin. Ranar 2 ga Maris Lee Man-hee, yana da shekara 88, ya durƙusa gaban kyamarori ya kai goshi ƙasa sau biyu. An kama shi daga baya, amma kotu ta wanke shi daga tuhumar hana aikin yaƙi da cuta, ta same shi da laifin almundahanar kuɗi. Mutum sama da 5,000 aka danganta kamuwarsu da wannan coci.

Ko kun san duk da haka ba a kulle Daegu ba? Ranar 23 ga Fabrairu gwamnati ta ɗaga matakin gargaɗi zuwa ƙololuwa, ta ɗage komawa makaranta, amma jiragen ƙasa suna shiga suna fita, ba a girke soja a hanya ba. Da kakakin jam'iyya mai mulki ya ambaci kalmar toshe birnin, sai gari ya ɗauki zafi, washegari ya ajiye muƙaminsa. Mutanen Daegu da kansu suka zauna a gida, manyan titunan kasuwa suka zama wayam. Firaminista Chung Sye-kyun ya tattara ya koma birnin ranar 25 ga Fabrairu, daga can ya riƙa jagorantar taron gwamnati kusan mako uku.

Shin ko kun san cocin Katolika ya dakatar da taron ibada a duk faɗin ƙasar, karo na farko cikin shekara 236 da shigarsa Koriya? Mabiya addinin Buddha su ma suka ɗage babban bikinsu na shekara da wata guda.

Kada a ɗauka kowa ya tsira. Ko kun san mutum na farko da cutar ta kashe ya shafe kimanin shekara 20 a sashen masu taɓin hankali na asibitin Daenam, a gundumar Cheongdo kusa da Daegu? A wannan sashen tagogi a rufe suke, majinyata da yawa suna kwana ɗaki ɗaya a kan shimfiɗa a ƙasa. Fiye da mutum 100 suka kamu, wato kusan kowa da ke ciki. Waɗannan bayin Allah ba su je coci ba, ba su hau jirgi ba, ba su da inda za su gudu. Duk shirin da aka yi bayan MERS bai tuna da su ba, kuma duk mai yabon Koriya ya kamata ya ambace su.

Shin ko kun san a Daegu akwai waɗanda suka mutu a gida suna jiran gado? Ƙa'idar da aka gada daga MERS ta ce duk wanda ya kamu a kwantar da shi a asibiti. Da mutum 186 wannan mai yiwuwa ne. Da dubbai kuwa, sai matasa masu ɗan tari suka cika gadaje, tsofaffi masu sarƙewar numfashi suna gida. A farkon Maris fiye da mutum 2,000 ne ke jira. Ranar 1 ga Maris gwamnati ta sauya ƙa'ida: a kasa majinyata gida huɗu bisa tsananin ciwo, asibiti na masu jin jiki ne, sauran a kai su wasu cibiyoyin zama. Washegari aka buɗe ta farko a wata cibiyar horar da malamai a Daegu. Samsung da LG suka ba da aron gidajen horo da ɗakunan kwanan ma'aikatansu. A can majinyaci yana ɗakinsa, yana auna zafin jikinsa yana turawa, 'yan ma'aikatan jinya kaɗan suna lura da ɗaruruwa, wanda jikinsa ya rikice a ɗauke shi zuwa asibiti. Cikin 'yan kwanaki suka gane ƙa'idarsu tana kashe mutane suka canza ta. Da an yi haka mako guda kafin nan, da wasu suna raye.

Ko kun san ɗalibai 75 na makarantar jinya ta soja an matso da ranar yaye su zuwa 3 ga Maris, suna gama biki aka sa su a mota sai Daegu? Likitoci da ma'aikatan jinya daga wasu garuruwa suka rufe wuraren aikinsu suka tafi aikin sa kai. Hotunan ma'aikatan jinya da filasta a goshi da karan hanci, inda gilashin kariya ya ci musu fata, suka zagaya duniya. Birnin Gwangju kuma, wanda a siyasa shi da Daegu ba sa ga maciji, ya ce a kawo masa majinyatan Daegu yana da gadaje.

Shin ko kun san a Koriya aka yayata gwajin cikin mota? Dakta Kim Jin-yong, likitan da ya yi jinyar waccan mata ta farko a Incheon, shi ya kawo shawarar, aka fara ranar 23 ga Fabrairu a wani asibitin jami'a da ke Chilgok a Daegu. Ga yadda abin yake a lokacin. Za ka shigo da motarka wani fili da aka kafa tantuna, ba za ka fito ba. Wani ma'aikaci cikin farar rigar kariya tun daga kai har ƙafa zai miƙo maka takarda ta ɗan tsagin gilashi. Ka matsa gaba, a auna zafin jikinka, a tambaye ka inda ka je da abin da kake ji. Ka ƙara matsawa, ka sauke gilashi, ka ɗaga haɓa, a zura maka dogon tsinke mai auduga a hanci har sai idonka ya kawo ruwa, a sa wani a maƙogwaro. Ka ɗaga gilashi ka tafi. Minti goma an gama, sakamako ya same ka ta saƙon waya. Hikimar a nan take: a ɗakin asibiti, bayan kowane mutum sai an tsaya an yi feshi an jira iska ta sauya, a nan kuwa kowa ya zo da ɗakinsa ya tafi da abinsa. Ga marasa mota, wani asibiti a Seoul ya ƙera 'yan akwatuna na tsayuwar mutum ɗaya, ma'aikaci yana waje ya zura hannu ta safar roba da aka manne a jikin bango. Wuraren gwaji suka kai wajen 600 a faɗin ƙasar.

Ko kun san a 2020 wanda likita ya ce a gwada ba ya biyan ko sisi, jinya ma kyauta ce? A wancan lokacin har baƙi 'yan ƙasar waje. Waɗanda ke zaune ba takarda kuma aka ce su fito a gwada su, ba za a kai sunansu hukumar shige da fice ba.

Shin ko kun san aikin bin sawun majinyaci da ke cin yini guda ya koma kamar minti goma? Ranar 26 ga Maris aka ƙaddamar da wani tsarin kwamfuta da ya haɗa 'yan sanda da kamfanonin waya da na katin banki wuri ɗaya. Tun kafin wannan tsarin ma, kana zaune wayarka za ta yi ƙara: wani mai cutar ya ci abinci a wuri kaza da ƙarfe kaza, in ka je can ka kira 1339. Ba a faɗin suna, amma ana faɗin shekaru da jinsi da unguwa, wani lokaci har wurin aiki, kuma wannan ya isa maƙwabta su gane ko wane ne. Aka tona asirin mutane, aka yi ta yi da su a intanet, masu gidajen abinci da aka ambata suka rasa ciniki. Masu bincike na Jami'ar Ƙasa ta Seoul suka tambayi mutum 1,000, sai ga shi tsoron zagi da tsangwama ya fi tsoron cutar kanta yawa a zukatansu. Ranar 9 ga Maris hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta tsawatar, bayan 'yan kwanaki aka fito da ƙa'idar rage abin da ake bayyanawa. Ni dai ina ganin gaya wa mutane wurin da cuta ta bi haƙƙinsu ne. Shekarun majinyaci da inda ya kwana kuwa ba su kare kowa daga komai ba.

Kun san kuwa da shekarar haihuwa aka riƙa sayen takunkumin fuska? A ƙarshen Fabrairu ya yi wuya, mutane suna kwana a layi, farashi ya yi tashin gwauron zabi, har Shugaba Moon ya ba da haƙuri ranar 3 ga Maris. Gwamnati ta hana fitar da shi waje, ta riƙa saye kashi 80 cikin 100 na abin da masana'antu ke yi. Daga 9 ga Maris kowa biyu zai samu a mako, kowanne won 1,500, wato dala ɗaya da 'yan kai. Wanda shekarar haihuwarsa ta ƙare da 1 ko 6 ranar Litinin zai je, 2 ko 7 Talata, 3 ko 8 Laraba, 4 ko 9 Alhamis, 5 ko 0 Juma'a. Wanda ranarsa ta wuce shi ya je Asabar ko Lahadi. Ka je kemis da katin shaidarka, mai kemis ya shigar da lambarka a kwamfuta ya miƙo maka biyu. In ka zagaya wani kemis ɗin, kwamfutar za ta nuna ka riga ka karɓa. Gwamnati ta saki bayanan yawan kayan da ke kowane kanti, matasa masu haɗa manhaja suka mayar da su taswira a waya, ka duba kafin ka fita ka san inda ya rage.

Shin ko kun san a lokacin wanda aka killace a gida ana kawo masa kwali har bakin ƙofa? A ciki akwai dafaffiyar shinkafa ta leda, taliya, ruwa, abin auna zafi, man goge hannu da jakar zuba shara ta musamman. Akwai jami'in da aka ɗora wa lura da shi, yana kira ko yana dubawa ta manhaja sau biyu a rana. Daga 1 ga Afrilu duk wanda ya sauka a ƙasar sai ya yi kwana 14 a killace. Daga 5 ga wata, wanda ya tsallake yana iya shan ɗaurin shekara ɗaya ko tarar won miliyan 10.

Ko kun san zuwa 15 ga Maris sababbin masu kamuwa a rana sun sauko ƙasa da 100? Ranar 24 ga wata Shugaba Donald Trump ya kira Shugaba Moon a waya yana neman taimakon kayan aikin lafiya.

Shin ko kun san a tsakiyar wannan hali suka yi zaɓen 'yan majalisa, lokacin da ƙasashe da dama ke ɗage nasu? Ranar 15 ga Afrilu ne. Ka zo da takunkuminka, ka tsaya a kan alamar da aka manna a ƙasa, mita ɗaya tsakaninka da na gabanka. A bakin ƙofa a auna goshinka. In zafin ya haura 37.5 a kai ka wata rumfa daban. In bai haura ba, ka goge hannu, a ba ka safar leda, ka sauke takunkumi na ɗan lokaci a ga fuskarka, ka dangwala, ka jefa safar a kwandon da ke bakin fita. Waɗanda ke killace aka ba su lokaci bayan ƙarfe shida na yamma, majinyata kuma suka yi ta gidan waya ko a rumfunan da aka kafa a cibiyoyinsu. Kashi 66.2 cikin 100 suka fito, rabon da a ga haka a zaɓen majalisa tun 1992. Jam'iyyar shugaban da ake neman tsigewa a watan Fabrairu, ita da ƙawarta, suka kwashe kujeru 180 cikin 300. Ranar 30 ga Afrilu hukuma ta ce ba ta ga wanda ya kamu ta dalilin zaɓen ba, kuma a ranar ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauki cutar a cikin gida ba.

Murnar ba ta yi mako biyu ba. Ko kun san a farkon Mayu cutar ta sake ɓulla a gidajen rawa na unguwar Itaewon a Seoul? Da yawa daga masu zuwa wuraren ba sa so iyali ko wurin aiki su sani, don haka dubbai suka rubuta lambar ƙarya a littafin bakin ƙofa ko suka ƙi ɗaga waya. Tsoron tonon asirin nan da aka yi sakaci da shi ya dawo ya tare aikin. Hukumar birnin ta karɓo lambobin wayoyi fiye da 10,000 da suka kasance a unguwar a waɗancan dararen, ta tura musu saƙo. Abin da ya fi aiki kuwa shi ne da ta ce a zo a yi gwaji ba sai an faɗi suna ba, lambar waya ta isa. Nan da nan masu zuwa suka ninka.

Shin ko kun san ƙasar da ta yi saurin samar da kayan gwaji ta makara wajen allurar riga-kafi? Da yake masu kamuwa sun yi ƙaranci, jami'ai suka riƙa cewa ba sa gaggawa, gara su ga yadda allurar za ta yi a wasu ƙasashe tukuna. Sai ga sanyin Disamban 2020 ya zo da sama da mutum 1,000 a rana, gadaje suka sake yin wuya, a wannan karon a Seoul. Ingila ta fara yi wa mutanenta allura ranar 8 ga Disamba. Koriya ta Kudu ba ta fara ba sai 26 ga Fabrairun 2021, mako ɗaya kacal kafin Najeriya ta fara tata ranar 5 ga Maris.